Hannun Awartaki

Shekara goma sha tara ya yi yana ɗora wa mutane wutar shisha, amma cikin masu zuwa shagon babu wanda ya taɓa tambayar sunansa. Awartaki suke ce masa, shi ma ya saba amsawa. Wurin aikinsa wani lungu ne a bayan shagon, tsakanin banɗaki da inda ake jibge kwalaye. Murhun lantarki biyu ne a ciki, da gawayin kwakwa, da wata kujerar roba da aka ɗaure ƙafarta da waya.

In kana so ka ga ɓacin ransa, ka ce masa ai gawayi gawayi ne. Na kwakwa, in ji shi, taurin kai gare shi, ba ya son gaggawa. Sai ya yi minti goma a kan murhu, a juya shi, a sake juyawa, har fuskokinsa shida su yi ja zur. In ka bar kusurwa ɗaya baƙa ka cuci mai sha, hayaƙin zai zo da ɗaci, kai ya sara, kuma kafin a je ko'ina wutar ta mutu. Guda uku yake jerawa a gefen kaskon taba, ba a tsakiya ba, ya kifa murfi zafi ya taru, can kuma ya dawo ya kakkaɓe toka. A wannan fanni dai babu mai ja da shi.

Sunan ya samo asali ne tun shekararsa ta biyu a shagon. Wata rana shago ya cika, awartakin ɗaukar garwashi ya ɓace, maigidansa yana ta zazzaga masifa, sai kawai ya sa yatsu ya ɗauko garwashin ya ɗora. Hannun ya tashi, kwana uku bai iya cin abinci da shi ba. Amma mutane sun tafa, maigidan kuwa mutum ne da ba ya mance abin da aka tafa wa. Daga ranar, duk wanda ya zo da baƙi sai ya ce a kira tsohon nan ya yi abin nasa. Su ɗaga waya suna ɗauka, suna ƙyaƙyata dariya, hayaƙi na fita ta hancinsu.

Fatar hannun ta yi kanta, ta koma kamar ƙasan tsohon takalmi. Da farko bakin yatsun ne suka daina ji, sannan tafin, har abin ya kai wuyan hannu. Maɓallin rigarsa ma sai ya duba da ido yake iya sawa. Bai gaya wa kowa ba. Gaskiyar magana, alfahari yake yi da abin, domin shi kaɗai ne abin da aka taɓa yaba masa a duniya.

A gidan ɗansa yake zaune, wani direban motar haya. Uwar yaron ta rasu yana da shekara biyu, Awartaki ne ya yi masa wanka da wanki har ya girma. Yanzu ɗan ya yi aure, matarsa tana ɗinki a gida, suna da 'ya mai wata takwas. Wannan jika ita ce duk abin da tsohon yake so. Uwargida yake kiranta, in ya shigo ya ce, "Uwargida, yau ma ba ki dafa min komai ba?" ita kuwa ta washe baki babu haƙori.

Sai dai ba a ba shi ita. Surukar tana da ladabi, ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, amma da ya miƙa hannu sai dalili ya fito. "Baba, bari ta ɗan yi barci." "Baba, yanzu ta sha nono, kada ta yi maka tumbuɗi." Wata rana yana ɗaure takalmi a bakin ƙofa ya ji tana ce wa mijinta, "Wallahi ba ƙinsa nake yi ba. Warin hayaƙin nan ne, ga hannun kamar katako. Jiya da ya shafa mata kumatu sai da wurin ya yi ja."

Maganar ta yi masa ciwo ƙwarai, amma bai nuna ba. Ya fara barin rigar aiki a shago. In ya dawo sai ya saɓa hannu da sabulu sau uku, ya goga lemon tsami, ya shafa mai. Wata biyu yana haka, tsoho da furfurarsa yana neman a yarda da shi a gidan ɗan da ya yi rainonsa.

Ranar ta zo da hantsi. Surukar za ta kai wa wata mata ɗinki a bayan layi, mijin ya fita tun safe. Ta dube shi, sannan ta ce, "Baba, don Allah riƙe min ita, yanzu zan dawo. Ruwan wankanta na kan wuta, kada ka wahalar da kanka, ni zan yi mata."

Ya karɓe ta da hannu biyu, zuciyarsa fari ƙal. Ko minti biyar ba a yi ba yarinyar ta ɓata jikinta har gadon baya. Ya yi dariya ya ce, "Uwargida, tarbar da za ki yi min ke nan?" Nan take dabara ta zo masa. Zai wanke ta tas, ya shafa mata hoda, uwar ta dawo ta tarar da ita fes, daga yau kuma a daina yi masa kallon wanda bai san riƙon yaro ba.

Ya juye tukunyar a baho, ya ƙara ruwan sanyi kofi biyu. Tururi na tashi, amma mutumin da ya shekara goma sha tara cikin hayaƙi ina zai lura da tururi? Ya tsoma hannu har wuyan hannu, ya juya ruwan, kamar yadda yake yi wa ubanta shekara talatin da suka wuce. Bai ji komai ba, sai ya ɗauka ruwan ya yi daidai.

Ƙafafunta ya fara sawa. Ta ƙwalla ƙara, ta sandare. Abin da zai bi shi har kabari shi ne bai cire ta nan take ba. Ya zaci rakin yara ne, har yana ce mata, "Haba Uwargida, ruwa ne fa, ba dodo ba." Sai da ya ga fatar ƙafar ta yi fari ta fara saɓulewa sannan ya fizge ta.

A asibiti aka ce za ta rayu, amma tabon zai kai gwiwa, kuma sai ta fara tafiya za a san halin yatsun. Surukar ba ta zage shi ba, ba ta ma dube shi ba. Ɗan ne ya same shi a baranda, ya tsaya nesa kaɗan, ya yi magana a hankali.

"Baba, shekara goma sha tara kana auna wa 'yan iska zafin hayaƙi. Ruwan jikarka ne ka kasa aunawa?"

Ya buɗe baki zai ce hannun ya daɗe da mutuwa, sai ya ga faɗin ma wani laifin ne, tunda ya sani ya ɓoye.

"Na samo maka ɗaki kusa da shagonku," in ji ɗan. "In ta warke zan riƙa turo maka hotonta."

Kwana huɗu bayan haka ya koma aiki. Maigidan bai tambayi abin da ya faru ba, cewa ya yi, "Ka ga dama ka dawo? Mai-Zobe na can da baƙi, tun la'asar yake nemanka." Mai-Zobe wani matashi ne mai zobe a kowane yatsa, wanda kullum ƙorafinsa wuta ba ta da zafi.

"Yawwa, ga shi nan!" in ji Mai-Zobe. "Tsoho, nuna musu abin naka."

Awartaki ya zo da kaskon garwashi. Ya zaɓi wanda ya fi ja, wanda fuskokinsa shida suka kama sosai. Maimakon ya ɗora a kan taba, sai ya sa shi a tsakiyar tafinsa ya dunƙule hannu. So yake ya ji abin da ta ji, ko da rabinsa ne. Baƙin suka ɗaga wayoyi suna ƙirga, goma, ashirin, talatin. Ƙauri ya tashi ya danne ƙamshin tuffar da ke cikin tabar, wata budurwa ta toshe hanci tana dariya. Shi kuwa ya ƙara matsewa yana jira, yana roƙo a ransa. Babu abin da ya ji sai nauyin wani ɗan abu mai kusurwa a hannunsa.

Da ya buɗe hannun, garwashin ya yi baƙi. Aka tafa.

Mai-Zobe ya ja tiyon shishar, ya yamutsa fuska. "To ai ka kashe min wutar. Je ka kawo mai zafi, kuma kada ka daɗe."

Ya koma lungunsa, ya jera sababbi uku a kan murhu, ya zauna a kujerar roba yana jira su yi ja.