Iya Hansai, Ungozomar Kajin Darki

Kafin matan Darki su sauke tukunyar koko, Iya Hansai ta riga ta dawo daga bakin suri da gara cikin kasko. Ta buɗe akurki ta zuba wa 'yan tsaki, ta sake musu ruwa, ta jefa tsakuwoyi a ciki kada wani ɗan rawar kai ya faɗa ya nutse. Sannan ta bi masu kwanci tana barbaɗa musu toka saboda ƙuma, tana yi musu faɗa kamar jikokinta. Tun tana amarya take wannan aiki, ga shi yau kai ya yi fari fat. Mazan gari kuwa sai dariya, wai ungozomar kaji. To, su yi ta yi!

A tambayi Saudatu, matar marigayi Maikano. Daminar 1953 cuta ta share kajin garin nan, ta bar mata ƙwaya ɗaya, ita ke nan abin da ta mallaka, ga marayu uku. Kazar na kan ƙwai, an kusa ƙyanƙyasa, sai tunku ya shigo da hantsi ya kashe ta. Saudatu ta kwashi ƙwan a ƙwarya ta faɗo gidan Iya tana kuka.

"Iya, na shiga uku! Ita kaɗai Malam ya bar mana."

"Ke, ajiye kukan nan tukuna. Miƙo in ji."

Ta ɗora ƙwai ɗaya a kumatunta, ta ji da sauran ɗumi. Iya ma fa cutar ba ta raga mata ba, wata kaza wake-wake kawai ta tsira, kuma ba ta daɗe da hawa nata ƙwan ba. Kaza ɗaya ba ta iya rufe duka. Indo maƙwabciyarta na tsaye Iya ta kwashe nata, ta jera na Saudatu.

Indo ta riƙe baki. "Haba Iya, naki fa?"

"Nawa ruwa ne har yanzu. Na yarinyar nan da rai a ciki. Saudatu, je ki dafa wa yara waɗannan."

Ranar da ƙwai ya fara tsagewa, zumuɗi ya sa Saudatu ta kai hannu za ta ɓare wa ɗaya ɓawo. Ji kake tas, Iya ta make hannun.

"Kul! Bar shi ya fito da kansa. In kin ɓare, jini zai yi ya mutu."

Suka fito sumul, ban da ƙwai biyu da suka yi dungu. Iya ta haɗa mata da uwar da kwandon kifewa saboda shirwa, ta ce kada ta dawo da ita sai 'ya'yan sun yi fiffike. Daga waɗannan tsakin Saudatu ta kai ga akuya, marayu ba su taɓa kwana da yunwa ba. Wallahi duk sanda na tuna sai idona ya kawo ruwa.

Ke ce, Iya, mai ba da naki ki zauna haka. Ke ce ba a taɓa jin kin yi gori ba.

Bana ido ya yi rauni, Iya ta ce ta ajiye aiki. Sai ga Saudatu da sallama, rungume da wata wake-wake.

"Iya, jikar kazar taki ce ta zo gaishe ki."

Iya ta lalubi cikin kazar, kazar ta baza gashi ta kai mata sara. Tsohuwa ta ƙyalƙyale da dariya.

"Af, wannan ai kwanci take so! Me kike jira? Samo ƙwai!"

Mun gode, Iya Hansai, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara lafiya. Ku kuma matan Darki da na Achika har cikin Wudil, ku je ku zauna kusa da ita ku koya tun tana iya make muku hannu.