Habu Hayaƙi da Kwalbar Man Hajo

Duk wanda ya san Yaya Habu Hayaƙi ya san ɗan kofin shayin nan na aljihunsa. Ba shayi yake sha da shi ba! Da shi yake auna baƙin mai ya zuba cikin isansi, wato fetur, ya rungume babur ya girgiza, sannan ya sunsuna tanki kamar mai ɗanɗana miya. Ka ce za ka taya shi wannan haɗi na milanji, ka ja wa kanka.

"Kai, ɗauke hannunka! Milanji ba aikin 'yan lakkwal masu biro da takarda ba ne."

Tare muka yi aikin malaman gona a Damagaram shekarun fari, muna zaga ƙauyuka kan babur kuros, mai dogayen ƙafafun nan na ratsa rairayi. Nasa detan ne, mai bugu biyu: sai an gauraya masa mai da isansi, ga ihu ga hayaƙi, amma ba nauyi, kana murɗawa ya zabura. Nawa katirtan, mai bugu huɗu, mansa daban a cikin inji, ba ya surutu, ba ya zuƙar isansi. Har gobe ina kan bakana, nawa ya fi.

"Naka alƙali ne," in ji shi. "Sai ya yi tunani sau huɗu kafin ya motsa."

Mutane ma haka ya raba su. Limaminmu na Birni in ya ja sura, muna fitowa Yaya Habu zai raɗa mini, "Katirtan." Na ce to matarka Hajo fa? Ya waiga hagu da dama. "Detan ce. Taku ɗaya take tashi, ga hayaƙi."

Da aka kawo sabbin katirtan, shugabanmu ya miƙa masa makulli. Yaya Habu ya zaga babur ɗin, hannu a baya.

"Mushe, in ya mutu mini a dajin Takaya, zan iya buɗe shi a gindin gawo?"

"A'a, sai gareji."

"To a ba mai gareji ya hau."

Sai shekarar da mutanen garin Dogo suka cinye irin shukarsu don yunwa. Ruwan farko ya sauka, ga buhunan irin gero jibge a ofishinmu, kuma in aka yi kwana uku ba a shuka ba, ƙasa ta bushe, shekara ta tafi. Motar ofis ba taya. Nawa alƙalin yana gareji yana jiran kaya daga Yamai. Saura na Yaya Habu, shi kuma baƙin mai ya ƙare masa ƙaf.

Gida ya nufa, ina biye. Kwalbar man gyaɗa ɗaya ta rage wa Hajo, tana ɗiga shi a miya kamar magani.

"Hajo, ba ni man nan."

"Malam, babur za ka ba mu mu ci?"

"Mutanen Dogo ne za su ci."

Ta yi hayaƙinta ta gama, ta miƙo. Na ce, "Yaya, zai kashe maka inji!" Ya ce, "Ba alƙali ba ne, abin da aka ba shi yake ci."

Wallahi ya tashi! Sai dai duk inda ya ratsa ƙamshin suya ke binsa. Sawu biyar ya yi ranar, buhu a baya. Ya ba ni labari cewa a sawun farko wata tsohuwa ta fito da ƙwarya tana tambayar ina ake tuyar ƙosai. Na fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya ce tunda yake bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Injin bai ƙara moruwa ba bayan nan, gidansa kuma suka yi wata suna cin miya ba mai. Amma Dogo ta yi shuka.

Da Allah ya yi masa rasuwa, ranar sadakar ukunsa, wasu dattawa uku suka zo daga Dogo. Ba su yi dogon jawabi ba, suka ajiye kwalbar man gyaɗa gaban Hajo. Matar nan da ba a taɓa rasa magana a bakinta ba, sai kawai ta rungume kwalbar a ƙirjinta. Ni ma sai da na fita waje.

Allah ya jiƙan Yaya Habu, ya sanyaya masa makwanci, ya ƙosar da shi yadda ya ƙosar da bayinsa. Amin.