Muryar Bappa Sajo Ta Tafi Yawo

Bappa Sajo bai taɓa yin kyau ba, ko a ƙuruciya. Dogo ne siriri kamar sandar kiwo, ga kunnuwa da ko rawani ya gaza rufa musu asiri. Abin da Allah ya rage masa a fuska sai ya zuba masa a baki. Shekara arba'in yana fatoma a kasuwar shanu ta Maigatari, yana saukar fatake, yana shiga tsakaninsu da makiyaya. In ya ce "na tsaya masa," Bafulatani zai kwance bijiminsa ya miƙa wa baƙon da bai taɓa gani ba, ya juya gida, ranar Alhamis ya zo rumfar Bappa ya karɓi haƙƙinsa. Babu takarda, babu sa hannu. Takardar ma, wa zai karanta?

A wata ruga kusa da Sule Tankarkar aka haife shi. Fari ya cinye shanun ubansa, ya shigo Maigatari yana ja wa mutane igiya, daga nan dillanci, har ya kafa rumfarsa. Ya auri Yelwa, mace mai baki kamar aska, ta haifa masa ɗan fari aka sa masa Sha'aibu. Tun ranar suna bakin Bappa bai taɓa furta sunan nan ba, don kunyar ɗan fari. "Kai," "wancan," "yaron nan," har yaron nan ya yi furfura a gemu yana aikin gwamnati a Gumel.

Yaron nan ne ya sayo masa babbar waya mai shafawa. Abu ɗaya Bappa ya koya a cikinta: ka danna, ka yi magana, ta tafi. Ya shiga zauren Wasap na makiyaya da na fatake, ya zama ba a shan shayi da shi sai yana yi wa waya jawabi.

"Malam," in ji Yelwa, "shekara arba'in ban taɓa jin ka yi min hira kamar yadda kake yi wa ƙarfen nan ba."

"Shi ba ya mayar min da magana," in ji shi.

Ana nan sai ga wani falke mai fara'a da ƙamshin turare, wai shi Alhaji Sha'aibu. Sau biyu ya sayi dabbobi ta hannun Bappa, ya biya nan take, ya bar goro. A karo na uku waya ya bugo ranar Lahadi. Ya ce sauri yake yi, zai zarce Ɗanzomo kai tsaye wurin wani makiyayi Barau ya ɗauki bijimai uku, Bappa ya taimaka ya turo masa saƙon murya da zai kunna wa Barau.

Bappa ya danna, ya buɗe baki, sai sunan ya tsaya masa a maƙogwaro. Sunan ɗan fari! Ya gyara murya ya ce: "Salamu alaikum, Sajo ne na Maigatari. Mutumin nan da ya zo da saƙon nan nawa ne. A ba shi abin da ya nema, na tsaya masa. Alhamis a same ni a rumfa."

Babu sunan mai karɓa, shi ma Barau an manta da shi, adadin shanu kuwa ko oho.

Jim kaɗan Alhajin ya sake kira. Wai ya sa Bappa a wani sabon zaure na manyan fatake, za a turo masa lambobi shida, ya karanto masa. Boko bai taɓa shiga kan Bappa ba, amma lamba ya iya ta kamar Fatiha. Ya karanto su ɗaya bayan ɗaya, har da maimaitawa don kada bawan Allah ya yi kuskure. Daga nan Wasap ɗinsa ya ɗauke. Ya ce sabis ne, ya jefa wayar a aljihu, ya bari sai yaron nan ya zo.

Kwana huɗu muryarsa tana yawo ba tare da shi ba, daga lambarsa, da hotonsa mai kunnuwa a kai. Ta je Ɗanzomo, ta je rugagen Sule Tankarkar, ta gangara Gagarawa. Kowane wuri da irin fuskar da ta je da mota, kuma kowace fuska ita ce "mutumin nan."

Ranar Alhamis Bappa ya tarar da rumfarsa cike tun hantsi. Har ya fara murna da kasuwa.

"Bappa, mun zo," in ji Barau.

"Kai na san da zamanka. Waɗannan fa?"

"Su ma sun zo. Duk an kunna musu muryarka, an ɗauki shanunsu."

A gaban hukuma aka ɗora waya a kan tebur aka kunna. Aka tambaye shi ko muryarsa ce. Ɗansa yana ta taka masa ƙafa. Bappa ya janye ƙafar ya ce tasa ce. Aka tambaye shi wa yake nufi da mutumin nan. Ya waiwaya ya ga ɗan farinsa tsaye a gefensa, ya sunkuyar da kai. Sai da Barau ya faɗi sunan a madadinsa. Aka rubuta, aka ce ana bincike. Har yau ana binciken.

Ya sayar da shanunsa da gonarsa ta hanyar Gumel, kuɗin bai kai ko rabin garken da aka kwashe ba. Waɗanda suka samu suka yi shiru, waɗanda ba su samu ba suka yafe masa a baki, suka koma rumfar gaba. Babu wanda ya kira shi ɓarawo. Da ma sun kira, da ya samu abin musantawa. Ɗansa ya ƙwato masa lambar, ya sa mata makullin sirri, ya yi masa huɗuba a kan kada ya ƙara karanta wa kowa lamba. Huɗuba mai kyau ƙwarai. Ni dai ban ga sauran abin sata a jikin mutumin ba.

Bana, ranar da ake duban watan azumi, Bappa yana alwala a bayan gida sai ya hango shi, siriri, a kan rimin makabarta. Idon makiyayi ba ya tsufa da wuri. Ya kira Yelwa.

"Ni ba na ganin ko bakin ƙofa," in ji ta. "Tashi ka je ka gaya wa liman."

Ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi. A ƙofar masallaci ya tarar wani mai faci ya riga ya shaida, ana neman mutum na biyu. Bappa ya yi sallama, ya faɗi inda ya gan shi da yadda ya kwanta. Liman ya saurare shi har ƙarshe, ya tambayi lafiyar iyali, ya sa aka gyara masa tabarma. Sannan ya juya ga jama'a ya ce, "To, a ƙara dubawa, ko Allah zai kawo mana wani."