Rufaffun Kwanukan Injin Baba Iliasu

Da an sallame sallar asuba, Baba Iliasu zai gangaro bakin babban gota, magudanar ruwan da ke tsakanin unguwannin Nima da Maamobi, ya buɗe rumfarsa, ya duba bel, ya murza hannun injin niƙa har ya ɗauka. Da ƙarar nan ake tashi tun lungun namu yana kamar ƙauye. Masu sabulu na ƙona ɓawon ayaba a bayan gida, maƙeran fitilun gwangwani na ƙwanƙwasa, masu ƙuli-ƙuli da masu dokunu, tuwon masarar nan mai tsami, na layi a ƙofarsa. Yau yawancin sana'o'in nan sun mutu. Shi ma bana ya ajiye aiki, don injin ya cinye masa kunne.

Sai dai baƙo ya kan tambaya: me ya sa nan kaɗai ake kawo niƙa a rufe ruf da zane? Mma Sanatu mai koko ta san dalili, don ita Allah ya yi ta da bin diddigi.

A shekarar yunwa, tamanin da uku, masara cikin gwangwanin awo guda sai mai rabo. Layin inji kuwa wurin hira ne, kowa na leƙen kwanon kowa. Wadda nata ya daina zuwa, an san ba a hura wuta a gidanta. Sai mata suka riƙa kulle kansu a ɗaka da yara, don kada a gane.

Kwatsam Baba ya kafa doka: kwanon da ba zane, ba niƙa. A ajiye bayan labulen buhu, a tafi, a dawo. Wai saboda ƙuda. Ƙuda a Nima, yau aka fara? Sanatu ta yi ta mita, ta ce ƙarar inji ta taɓa masa kai.

Abin da ya hana ta sakat shi ne Fulera, maƙwabciyarta, wadda aka koro mijinta daga Legas hannu wofi. Kullum za ta zo da kwano a ka, ko gammo babu, wuya a miƙe. In za ta koma kuwa sai ta naɗa gammo. Sanatu ta faki idon Baba yana gyaran bel, ta faɗa bayan labule, ta ɗaga zanen kwanon Fulera. Wayam, an wanke shi tas. A gefe ga rariya, ga garin da ke maƙalewa a haƙoran inji, wanda bisa al'ada rabon mai niƙa ne, a da kuwa masu tumaki yake sayar wa. Ya kankare shi, ya tankaɗe, ya tara.

Tana juyowa ta gan shi tsaye. Sanatu fa ba ta iya riƙe labari daga inji zuwa famfo, shi ma ya sani.

"Mma Sanatu," in ji shi, "in maganar nan ta kai layi, gobe ba za ta zo ba. Yaran kuma ba su da wani kwanon."

Kunya ta rufe ta. Ta mayar da zanen. Washegari da ta karɓi garin geronta, ta ɗebi tafi cike ta mayar bakin inji, tana faɗa da ƙarfi wai injin nan ɓarawo ne, a bar shi ya ci.

Sanatu ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Fulera ce da bakinta ta ba da labarin ranar da aka taru yi masa ban kwana. Sai wata tsohuwa ta ce ita ma. Wata can baya ta ɗaga hannu tana hawaye. Ashe kowacce ta ɗauka ita kaɗai ce.

Kai ne, Baba, ka ciyar ba tare da ka sa an sunkuyar da kai ba. Mai niƙa, mai rufin asiri. Ranar ko kalma ɗaya ba ka ji ba. Murmushi kawai kake yi, da ka ga zanen wani kwano ya zame, ka miƙa hannu ka gyara.

Mun gode. Allah ya rufa maka asiri duniya da lahira. Mu kuma da muka rage, in kwanon maƙwabci ya zo hannunmu ba nauyi, mu zuba, mu mayar da zane, mu kama bakinmu.