Fenaritin Sule Da-An-Buga

Ko tsufa zai kwashe min komai, ba na jin zan manta da ranar da na hura usur aka buga fenaritin da ya shekara talatin da ɗoriya yana jiran a buga shi. Ku da kuka shigo alƙalancin ƙwallo jiya-jiya, kuna yawo da jan kati a aljihun gaba kuna hura hanci, ku matso ku ji. Wannan ba a koyar da shi a kwas.

Gasar unguwannin cikin birni da kuke gani yau da riguna masu lamba da lasifika, mu muka san farkonta. Zamanin soja aka fara ta, a wani fili bayan Ƙofar Mazugal wanda asalinsa kududdufi ne aka cike da juji. Gora biyu ce gida, igiya a sama, raga kuwa sai dai mu ji labarinta a rediyo. Da toka muke jan layi. Ƙa'idar lokacin ita ce ba a ba mutum alƙalancin wasan unguwarsu, ko unguwar surukansa. Mutum uku ke riƙe wasa, alƙalin tsakiya mai usur da mataimaka biyu masu tuta a gefe. Ni a shekarar farko mai tuta ne, tutar kuma ɗankwalin yayata ne na ɗaura a kara.

Wasan ƙarshe na shekarar ya faɗo tsakanin 'Yan Allura na Soron Ɗinki, waɗanda yawancinsu teloli ne da masu ɗinkin hula, da 'Yan Garwashi na Jakara, 'ya'yan 'yan kasuwa. Ana ɗaya da ɗaya, rana ta yi ja, sai wani ɗan bayan 'Yan Allura ya sa hannu ya tare ƙwallo a gaban gidansu. Na gani, kowa ya gani. Alƙali ya nuna fenariti. Nasidi, ɗan gaban 'Yan Garwashi da ake ce wa Bindiga saboda ƙarfin ƙafa, ya dasa ƙwallo ya ja da baya. Sule, golan 'Yan Allura, ya tofa yawu a tafi ya tsaya. Kafin a hura, magoya bayan 'Yan Allura suka ga ba sarki sai Allah, suka afko fili suka tuge gorar nan biyu suka ruga da su cikin lungu. Aka bar Sule yana tsaron iska. Jifa ta kaure, alƙali ya haura ganuwa ko kekensa bai waiwaya ba, ladan ya kira magariba, kowa ya kama gabansa.

Kwamiti ya ce za a zauna a kan maganar. To, har yau ana zaman. Kofin ya tafi ajiya gidan sakatare, daga baya wani ya rantse ya gan shi ana ba kaji ruwa a ciki. Gasa ta ci gaba, aka yi zakaru iri-iri, amma in ka tambayi wa ya ci ta farko, ka tono faɗa. Jakara su ce da an buga Bindiga ba ya ɓarar da fenariti. Soron Ɗinki su ce ai ba a buga ba.

Wanda abin ya fi ci shi ne Sule. Nasidi dai ya bar ƙwallo ya kama fataucin atamfa, Allah ya buɗa masa, ya zama Alhaji Nasidi, ya ajiye tumbi. Sule kuwa yana nan a shagonsa kan tsohon keken ɗinki. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya ji labarin, kuma da magana ɗaya yake rufewa: "Wallahi da an buga, da na kama." Ya faɗa, ya faɗa, har maganar ta zama sunansa. Sule Da-An-Buga. Matasan da ba a haife su ba lokacin sukan tsaya bakin shagon su ce, "Baba Da-An-Buga, yau ma ka kama?" su sheƙe da dariya. Yakan yi kamar bai ji ba, amma ni da na san shi tun muna samari na san abin yana sukarsa.

Ana nan, bayan na yi ritaya daga alƙalanci, sai aka ce za a yi bikin tunawa da kafa gasar. Alhaji Nasidi ne ya ɗauki nauyin komai, rumfa, kujeru, shinkafa, sabon kofi. A lokacin ana raɗe-raɗin yana neman wata kujera, kuma kun san mai neman kujera ko tsohon takalminsa sai ya wanke ya nuna wa jama'a. Shugaban kwamitin gasa, Malam Tijjani, wanda kowa ke ce wa Ciyaman, shi ya kawo shawarar a buga fenaritin nan a rufe tarihi: in ya shiga, kofi na 'Yan Garwashi ne, in gola ya kama, na 'Yan Allura. Mai bugu na asali, gola na asali. Alƙalin asali ya riga mu gidan gaskiya, ɗaya mai tutar ma haka, saboda haka usur ya faɗo hannuna.

Ciyaman ya same ni a majalisa ya ja ni gefe. Ya ce, "Malam Garba, ka san biki ne, ba yaƙi ba. Manyan baƙi za su zo. Muna son abu ya tafi lami lafiya."

Na ce, "Ciyaman, ni hurawa kawai zan yi. Ƙafar Alhaji ce za ta tafi lami lafiya ko ta ƙi."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce shi ya sa yake so na, akwai barkwanci.

Ana gobe biki na biya shagon Sule da la'asar. Na tarar ya ajiye ɗinki yana shafa man zafi a gwiwa. Ya ce Ciyaman ya zo masa da albishir, wai Alhaji ya lura kekensa ya tsufa, akwai sabo mai lantarki da za a kawo bayan biki, in komai ya tafi daidai. Na ce to me ka ce? Sai ya ce, "Garba, ba keken ne ya dame ni ba. In na tsaya da gaske, kuma ya wuce ni fa? Shekara talatin ina cika baki. In na faɗi wani gefen da gangan, ko banza ni na san da gangan ne." Wallahi ya ba ni tausayi. Ban ce masa yi ko bari ba, don ba aikin alƙali ba ne. Na dai ce ya rage man, yana sa ido hawaye.

Ranar biki fili ya cika maƙil, har kan katangu da rufin shaguna. Yanzu akwai gidan ƙarfe da raga fara sol. Aka yi jawabai har na gaji da tsayuwa. Mutum bakwai ne suka tashi, kowanne ya ce shi ya kafa gasar, har da wani da na san a shekarar yana goye. Mai lasifika ya yi ta kirari: "Bindiga! Harbi ɗaya, gawa ɗaya!" Alhaji ya fito cikin sabuwar rigar wasa da ta ɗame shi, tumbi ya riga shi isowa wurin bugu. Sule ya fito da wandon da ya ɗinka wa kansa da safar hannu ta aro, yana ɗan ɗingishi. 'Yan Jakara suka ɗauki waƙa, "Da an buga! Da an buga!"

Ga tsarin fenariti ga wanda bai sani ba. Alƙali zai auna tazara, ya tabbatar ƙwallo na kan ɗigo, gola kuma ƙafarsa na kan layi har sai an buga. In gola ya baro layi kafin bugu kuma ya kama, sai a sake. In bai baro ba, magana ta ƙare. Na auna, na duba ƙafar Sule, na dubi Alhaji, na hura.

Kada ku raina Alhaji, ƙafar ba ta mutu duka ba. Ya taho yana haki ya ɗirka wa ƙwallon nan duka, ya nufi kusurwar hagu ƙasa-ƙasa. Ni kaina na ce shi ke nan. Sai na ga dattijon nan, mai man zafi a gwiwa, ya zube gaba ɗayansa kamar an yar da buhu. Ƙura ta tashi. Da ta lafa, ga Sule kwance, ƙwallo a ƙirjinsa ya rungume da hannu biyu.

Kai! Ban taɓa jin ihu irin na ranar ba. Na hura na tashi wasa, na nuna 'Yan Allura.

Ban sauke hannu ba Ciyaman ya iso, babbar riga na jan ƙasa. "Malam Garba, a sake. Ya baro layi."

Na ce, "Ciyaman, mutumin da da ƙyar ya iso layin, ina ya ga ƙarfin baro shi?"

Ya ce to babban baƙo yana waya bai gani ba, mai hoto ma bai shirya ba. Na ce babu wannan a doka. Ya matso kunnena ya ce, "Kai, an riga an rubuta 'Yan Garwashi a jikin kofin! Ka rufa mana asiri." Na ce na hura, kuma ba na hura abu ɗaya sau biyu. Na sa usur a aljihu na ja zif.

Kuna tsammani wannan ya tsayar da su? Ciyaman ya juya ya karɓi usur a wuyan wani ɗan sintiri da ke korar mutane daga bakin rumfa. Mai lasifika ya sanar cewa bugun farko gwaji ne. Aka ce Sule ya kawo ƙwallo.

Sule ya tashi da ƙyar, ƙasa har a gemu, idonsa ya yi ja. Ya dubi Ciyaman ya ce, "Tijjani, tun ina saurayi nake jiran ƙwallon nan. Yau ya zo hannuna, ka ce in ba wa?" Ya saƙale shi a hammata, ya juya, ya nufi hanyar gida yana ɗingishi. Ba wanda ya tare shi. Sai jama'a suka fara sauka daga katangu suna bin sa, 'yan Soron Ɗinki da farko, sannan har 'yan Jakaran da suka gama yi masa waƙa. Kafin ka ce kwabo fili ya zama wayam, sai 'yan rumfa da masu jiran shinkafa.

Haka aka kawo wani ƙwallon, Ciyaman ya hura usur ɗin ɗan sintiri, Alhaji ya buga a gidan da ba kowa. Ya ci kuwa, ba a hana shi ba. Manyan baƙi suka tafa, mai hoto ya ɗauka, aka miƙa kofi. Ni ko shinkafar ba a ba ni ba, kuma daga ranar kwamiti bai sake gayyatata ko taron addu'a ba.

Abin da nake so ku riƙe ke nan, ku masu sabon kati. A wannan aikin za a yi ta kawo muku dalilan sakewa, kowanne da babbar rigarsa. Ku hura abin da idonku ya gani, sau ɗaya, ku adana usur ɗinku. Ba zai hana su ba, don mai kuɗi ba ya rasa mai hura masa. Amma ko banza ba da bakinku aka yi ba, kuma mutanen garin nan, duk surutunsu, sun san bugun gaske in sun gani.

Keke mai lantarki dai bai zo ba, Sule yana nan yana taka tsohonsa. Kofi yana falon Alhaji cikin gilashi. Amma na ji daga bakin direbansa cewa ya sha aikensa Soron Ɗinki a asirce ya sayo ƙwallon nan, ko nawa ne. Sule ya ce a gaya wa Alhaji ba na sayarwa ba ne, amma in yana marmarinsa ya zo shago ya gani, kallo kyauta ne.