Ƙosan da Ya Bugar da Malam

Mijina bai taɓa kai giya bakinsa ba, amma rabin 'yan kasuwar Ose a Onica sun rantse mashayi ne. Albasa yake sayarwa, shi ke jan salla a rumfar Hausawa idan liman ya yi tafiya. Sai dai wata rana da hantsi za ka gan shi yana tangaɗi tsakanin buhuna, harshe ya yi nauyi, ka yi masa magana ya tsaya kallonka kamar yau ya fara ganin mutum. Wannan zargi ya ci masa rai. Har hawaye na ga ya yi ranar da dattawa suka ce ya ɗan koma sahun baya.

Ni na kama ɓarawon. Ranar da ya karya da koko ko doya, garau yake. Ranar da ya zauna wajen mai shayi ya danna burodi, to sai an riƙe shi. Na hana alkama shiga gidana, ba alkubus, ba finkaso. Ya yi ta mita wai na mai da shi jinjiri, amma ƙafa ta miƙe. Sai da muka tsufa wani likita ya ce akwai jikin da alkama ke taɓa wa jijiyoyi har ƙwaƙwalwa.

Da rikici ya ɓarke aka shiga farautar 'yan Arewa, maƙwabciyarmu 'yar Ibo mai tuyar ƙosai ta ɓoye mu a ɗakin girkinta. Mijinta direban babbar mota ne, ya ce zai tsallakar da mu gadar kogi mu kama hanyar Arewa. Ta raba Malam da riga da hula, ta ba shi zane da singileti, ta ajiye mana ƙosai da safe.

"Wake ne, Malam, ci ka ƙoshi," na ce. Ashe wake ya yi tsada, baiwar Allah ta ƙara da fulawa.

Da azahar muka isa shingen bakin gada. Samari masu adduna suka ce kowa ya sauko. Malam ya sauko, ƙafa ta ce ba da ita ba. Ya yi gabas, ya yi yamma, ya tafi luu ya rungumi babbansu. Aka tambayi sunansa, abin da ya fito daga bakinsa ko ni ban gane ba.

Da yake a Onica aka haife ni, sai na ci ɗamara na buɗe baki da Ibo. Na zazzage shi tas. Na kira shi mashayi, na ce ya shanye kuɗin abinci tun rana ba ta yi ba. Samari suka kwashe da dariya.

"Dis one no be Hausa, dem no dey drink," in ji babban, wato Bahaushe ba ya sha. Ya taya ni cusa shi a mota.

Mun yi nisa kafin kansa ya washe.

"Har da ke," ya ce a hankali. "Ke ma kin ce na sha."

"Da ban faɗa ba fa, Malam?"

Ya goge ido da bakin zanen aro. "To, na ji. Amma don Allah kada a ji wannan a gida."

Ban faɗa wa kowa ba, sai yanzu da ƙasa ta rufe masa ido.