Bangon Miss Icilda

Kafin masunta su dawo daga teku, Maas Linval Gayle ya riga ya turo kekensa bakin titi, gwangwanayen fenti suna ta karo da juna. Haka muka taso muka gan shi a Rae Town. Duk wanda ya rasu a unguwar nan, shi ke mayar mana da fuskarsa jikin bango. Yanzu hannu ya fara rawa, ya ajiye burushi.

Mutum ne mai taurin kai, kuma ina son sa a haka. Da Miss Icilda mai soya kifi ta rasu, 'yarta Marva ta zo daga Ingila da wani hoto da aka wanke shi har tsohuwar ta koma fara sol.

"Haka nake so, Maas Linval. Ka ɗan haska ta."

"'Yata, wannan wace baƙuwa ce? Ni shekara da shekaru ina cin kifin uwarki, ban taɓa ganin matar nan ba."

Ya zana ta yadda Allah ya yi ta: baƙa wuluk, ɗankwali ja, ga wushiryar nan. Marva ta fusata, ta sayo farar ƙasa, ta rantse sai ta shafe bangon. Gabanmu ya faɗi, don wannan ce kaɗai fuskar Icilda da ta rage mana. Shi ko gezau.

Sai ga Shanique, 'yar Marva, wadda man bilicin ya fara cinye mata kumatu. Ta tsaya ta ƙura wa bangon ido, ta shafa hancinta.

"Mama, ashe da ita nake kama? Kuma ji yadda take da kyau!"

Marva ta ajiye bokitin farar ƙasar, ta zauna a ƙasa tana kuka. Bangon yana nan har yau.

Maas Linval, kai ne madubin unguwa. Ba a taɓa rataye aikinka a gidan baje zane ba, rana da iskar teku ke cin sa, amma kai ka hana mu jin kunyar fuskarmu. Mun gode, Allah ya saka.

Ku kuma masu tasowa, ga burushi nan ya ajiye. Wanda zai ɗauka, ya fara koyon haɗa baƙin fenti.